Ranka Ya Daɗe, Sadaka Ba Ta Biyan Haƙƙi

Ranar Juma'a, da an idar da salla, za ka ga manyan ma'aikata suna fitowa daga masallaci hannu cikin aljihu. Darakta ne, manajan banki ne, shugaban sashen ma'aikata ne, kowa da 'yan canjin da ya tanada tun safe. Guragu sun jeru a bakin ƙofa, makafi a gefe da 'yan jagoransu, ana miƙawa suna amsawa da addu'a. Babu mai musun cewa wannan alheri ne. To amma bari ɗaya daga cikin irin waɗannan bayin Allah ya turo kekensa zuwa ofishin daraktan nan riƙe da takardar digiri da ta bautar ƙasa, ka ji yadda magana za ta sauya. "Ai aikin nan namu da wahala." "Ofishinmu a sama yake." "Ka bar takardun, za mu neme ka." Sau da yawa ma ba ya kaiwa ga oga. Mai gadi ne zai tare shi a get ya ce babu kowa, ko ya zaro ɗari biyu ya miƙa masa, domin bai taɓa kawowa a ransa cewa mai keken guragu zai zo ofis da wata buƙata ban da roƙo ba.

Abin da masu riƙe da ofisoshi da yawa ba su sani ba, ko suka sani suka share, shi ne wannan hali ya wuce rashin kyautawa, ya zama laifi a idon hukuma. A ranar 23 ga Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018, bayan shekaru ana kai ruwa rana tsakanin majalisa, fadar shugaban ƙasa da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman. Sashen farko na dokar ya yanke wa kamfanin da ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa tarar Naira miliyan 1. In mutum ɗaya ne ya aikata, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Ban da wannan, wanda aka zalunta yana da damar shigar da ƙara ta ƙashin kansa.

Sashe na 28 shi ne ya shafi wurin aiki kai tsaye. Ya ba mai naƙasa haƙƙin neman abincinsa ta hanyar aikin da ya zaɓa, daidai da kowa. Wanda ya tauye masa wannan haƙƙi zai biya shi diyyar da ba ta gaza Naira 250,000 ba. In kamfani ne, ba ta gaza 500,000 ba. Sai kuma gaɓar da ta sa na ɗauki alƙalami: duk babban jami'in kamfanin da ke da hannu a abin, shi ma zai biya 50,000. Wato dokar ba ta bar manaja ya laɓe a bayan sunan kamfani ba. Sashe na 29 kuma ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu naƙasassu su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu.

A ganina, ran wannan doka yana hannun matsakaitan shugabanni, ba a Abuja ba. Minista ba ya zama a teburin intabiyu. Babban sakatare ba shi ke tsara wa zai yi aikin dare, wa zai zauna a wane ofis, wa za a tura kwas ba. Mai kamfani kuwa wataƙila wata guda bai leƙa masana'anta ba. Masu yanke waɗannan hukunce-hukunce na yau da gobe su ne manajan reshe, shugaban sashe, jami'in ma'aikata, hedimasta, shugabar ma'aikatan jinya, da ogan leburori a cikin masana'anta. Kusan duk wariyar da ake yi wa naƙasasshe a wurin aiki, a hannun ɗaya daga cikin waɗannan take faruwa, kuma galibi ba da mugun nufi ba. Da tausayi ake yinta. Shi ya sa take da wuyar kamawa, domin mai yinta yana kwana da tunanin ya kyauta.

Ɗauki sanarwar neman ma'aikata. An saba rubuta cewa dole mai nema ya kasance lafiyayye, ko da kuwa aikin akawun kuɗi ne, wanda daga safe zuwa yamma a kan kujera ake yinsa. Wanda ya rubuta bai yi tunanin komai ba, tsohuwar sanarwa ya kwafa. Amma mai karantawa da ke dogara sanda ya riga ya fahimci ba da shi ake ba. Tambayar da ya kamata shugaba ya yi wa kansa kafin ya sa hannu ita ce: mene ne ainihin wannan aiki, kuma mene ne kawai muka saba gani ana haɗawa da shi? Direba dole ya gani, wannan babu gardama, kuma dokar ba ta ce a ɗauki wanda ba zai iya ba. Amma malamin lissafi ba da ƙafa yake koyarwa ba. Mai amsa kiran waya a kamfanin sadarwa ba ya buƙatar ido kamar yadda yake buƙatar kunne da haƙuri. Mai shigar da bayanai a kwamfuta, kurumtarsa ba ta rage masa saurin yatsu.

Daga nan sai jarrabawar ɗaukar aiki, wadda yanzu kusan duk a kwamfuta ake yi. A tara mutum ɗari biyar a zaure, a ba kowa minti arba'in, babu manhajar da ke karanta wa makaho rubutu, babu mai karanta masa, babu ƙarin lokaci. In ya faɗi sai a ce ai an ba shi dama. Hukumar JAMB, da duk cunkoson da take fama da shi, tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, har da Kano. In hukumar da ke jarraba ɗalibai sama da miliyan a shekara ta iya, ma'aikatar da za ta jarraba mutum ɗari biyar ba ta da hanzari.

A wurin intabiyu kuwa, abin da ake yi wa waɗannan mutane wani lokaci cin fuska ne tsagwaronsa. Kowa an tambaye shi abin da ya karanta da inda ya taɓa aiki, shi kuma ana shigowa da shi sai a koma hira kan jikinsa. "Me ya same ka?" "Da shi aka haife ka?" "To wa zai riƙa kawo ka?" In mace ce a ƙara da, "Kina da aure kuwa?" Minti goma ya ƙare ba a taɓo aikin ba. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta hana mai ɗaukar aiki yi wa mai nema tambayoyin lafiya kafin a yi masa tayin aikin, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Tamu dokar ba ta fayyace haka ba, amma hankali ya isa ya nuna hanya. Ka zayyana masa aikin ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Yaya za ka yi wannan, kuma me kake buƙata daga gare mu?" Ya fi ka sanin amsar. Shekara ashirin ko talatin yana zaune da jikinsa, ya hau motar haya da shi, ya gama jami'a da shi, ya san dabarun da kai ko a mafarki ba za ka hango ba.

Nan ne masu ofis suke ɗaga hannu su ce kuɗi. Gaskiya ne wasu gyare-gyaren suna cin kuɗi, musamman sa lif a tsohon bene. Amma mafi yawan abin da ma'aikaci mai naƙasa yake buƙata ba ya wuce sauya tsari. Wata cibiya a Amurka da ke ba masu ɗaukar aiki shawara a kan wannan fanni ta daɗe tana bin diddigin lamarin, kuma abin da take samu shi ne kusan rabin irin waɗannan gyare-gyare ko sisi ba sa ci. Ka duba da kanka. Manhajar NVDA da ke karanta wa makaho abin da ke kan allon kwamfuta kyauta ake sauke ta. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, iPhone da VoiceOver. Abin da ya rage wa oga shi ne ya hana sakatarensa ɗaukar hoton takardar sanarwa ya tura a zauren WhatsApp na ofis, ya sa shi ya tura rubutun kansa, domin manhajar rubutu take karantawa cikin sauƙi, hoto kuwa sai an sha fama. Kurma yana buƙatar a fuskance shi in ana magana, a rubuta masa umarni, a nemo tafintan maganar hannu in taron mai muhimmanci ne, kada a gama a ce abokin zamansa ya taƙaita masa. Zabiya na buƙatar kada a tsayar da shi aikin rana tsaka, domin ranarmu tana jawo musu cutar dajin fata, kuma a buga masa takarda da manyan baƙaƙe tunda galibinsu ganinsu yana da rauni. Mai farfaɗiya yana buƙatar abokan aiki su san ba a ɗaukarta, kuma in ta tashi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a watse a bar shi. Wanne ne a cikin waɗannan yake buƙatar kasafin kuɗi?

Akwai abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya, shi ne banɗaki. Ka samu wanda ke aiki a kan keke ka tambaye shi cikin sirri yadda yake yi. Akwai waɗanda tun asuba suke ƙin shan ruwa, a wannan zafi namu, don kawai ƙofar banɗakin ofis ba ta cin keke, ko akwai matakala biyu kafin a shiga, ko kuma na tsuguno ne. Wanda ya matsu sai ya sauka ya ja jiki a kan jiƙaƙƙen siminti, da kayan da zai koma ya zauna da su gaban baƙi. Mutum ya jure wannan shekara da shekaru ba tare da ya buɗe baki ba, don yana tsoron a ce dama an faɗa, ga shi ya fara kawo matsala. Faɗaɗa ƙofa zuwa wajen santimita 90, sa ƙarfen dafawa a bango da masai na zama, aikin birkila ne da mai gyaran famfo na kwana biyu. Kuɗin bai kai na labule da kafet ɗin da ake canja wa ofishin oga ba.

Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kuma ce jami'in da ya amince da zanen sabon gini wanda bai cika ƙa'ida ba zai iya fuskantar tarar miliyan 1 ko ɗaurin shekara biyu. Wasu wuraren sun yi abin da za a ce sun yi: an zuba siminti a gefen matakala, a tsaye kamar zamiyar yara, sannan an lulluɓe shi da tayil mai santsi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk tsayin santimita 1 yana buƙatar gangaren santimita 12, wato dakalin da ya kai santimita 30 sai an ja masa gangare na mita 3 da rabi da 'yan kai. Abin da ya gaza haka tarko ne, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, in ya sauko kuma sai dai Allah ya kiyaye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A wasu bankunan ma ko ka haye gangaren, ƙofar tsaron nan mai kama da akwati tana jiranka, sai a ce ka tsaya a waje a kawo maka takarda ka sa hannu a rana.

Wanda yake ganin duk wannan zance ne kawai, ya tuna abin da ya faru a filin jirgin saman Murtala Muhammed na Legas a watan Maris na 2024. Wani ɗan tsohon gwamnan jihar Ogun, mai amfani da keken guragu, ya shiga gidan cin abinci na KFC tare da iyalinsa, aka ce masa ba a shiga da keke. Ya rubuta abin da ya faru a intanet, hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN ta rufe wurin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Magana ɗaya daga bakin wadda ke kula da wurin a ranar ita ta jawo wa kamfani mai rassa a faɗin duniya wannan abin kunya. Na sani, an yi saurin ɗaukar mataki ne domin mai uwa a gindin murhu aka taɓa. Dubbai irinsa ana yi wa haka kullum babu mai ji. Amma yanzu kowa da waya a hannunsa, kuma babu manajan da ya san wanda zai shigo masa gobe.

Bayan wariyar hana shiga, sai nau'in wariya na biyu, wanda ya fi yawa a ma'aikatun gwamnati: a ɗauki mutum, a ba shi tebur, a hana shi aiki. Fayil ba ya zuwa wurinsa. In an tashi tura mutane kwas a Kaduna ko Legas sai a ce, "A bar Malam ya huta, tafiyar za ta ba shi wahala," ba tare da an tambaye shi ba. Wani ogan ma cewa zai yi ba sai ya riƙa zuwa kullum ba, albashinsa zai shiga. Ana ganin gata aka yi masa, alhali an kashe shi da ransa. Shekara goma ta wuce, waɗanda aka ɗauka tare sun zama mataimakan darakta, shi yana inda yake, domin ranar cike fom ɗin auna ƙwazo babu abin da za a rubuta ya yi. Aikin jeka-na-yi-ka ke nan, kuma shi ma bambanci ne saboda naƙasa, komai laushin muryar da aka yi shi da ita. Daidaito yana nufin a ba shi aiki mai nauyi, a tambaye shi sakamako, in ya yi sakaci a ba shi takardar tuhuma kamar kowa. Shugaban da ba zai iya yi wa ma'aikacinsa makaho faɗa ba, bai ɗauke shi ma'aikaci ba tukuna.

Na uku shi ne wanda ya shigo aiki da ƙafafunsa, lalura ta same shi daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin kowane shida a duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa, kuma da yawansu ba da ita aka haife su ba. Haɗarin mota ne, hawan jini ne ya shanye ɓarin jiki, ciwon suga ne ya ci ƙafa ko ido, harsashin ɗan bindiga ne, ko injin masana'anta ya datse hannu. Yadda aka saba a wurare da yawa, kamfani ya biya kuɗin asibitin farko, a haɗa wa mutum ɗan wani abu a ambulan, a ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan an sallame shi. Alhali akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Manaja nawa ne suka san ko kamfaninsu yana zubawa? Nawa ne suke kai rahoton haɗari a kan lokaci? Kuma kafin a rubuta takardar sallama, wa ya zauna ya duba ko wanda ya rasa hannu a kan inji zai iya riƙe sito, ko duba ingancin kaya, ko koyar da sababbin ɗauka? Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a wuri, ilimin wurin yana kansa, ba a hannun da ya guntule ba.

Kada a ɗauka ina yabon dokar ne ido rufe. Tana da ramuka manya. Naira 50,000 da aka ɗora wa babban jami'i yau ba ta kai mafi ƙarancin albashi na wata guda ba, wanda ya koma 70,000 a 2024. Lokacin da aka sa hannu, dala tana wajen Naira 360, a 2024 ta haura 1,500, saboda haka tarar da ake ganin tana da nauyi ta zama kuɗin shan mai. Kashi 5 ɗin nan ma'aikatun gwamnati kaɗai ya shafa, kuma an sassauta shi da cewa gwargwadon iko, ba a faɗi hukuncin wanda ya ƙi ba. A Jamus, duk mai ma'aikata 20 zuwa sama dole ya cika kashi 5, in bai cika ba ya riƙa biyan kuɗin fansa a kan kowane gurbi, kuɗin kuma a zuba su wajen tallafa wa ɗaukar naƙasassu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar ma, a rubuce, nasu kashi 5 ɗin ya haɗa da kamfanoni masu zaman kansu. Dokar jihar Legas ta ɗora wa masu ma'aikata 100 zuwa sama kashi 1. Uwa uba, tamu dokar ba ta zayyana dalla-dalla irin gyaran da ya wajaba mai ɗaukar aiki ya yi ba, saɓanin dokar Amurka ta 1990 wadda ta wajabta shi a kan duk mai ma'aikata 15 zuwa sama, sai fa in zai zame masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ga kuma babbar annoba, sayar da guraben aiki, wanda har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Inda ake sayen gurbi da miliyoyi, kason naƙasassu shi ne farkon abin da ake cinyewa.

Duk da haka manaja kada ya saki jiki da waɗannan ramuka. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma yarjejeniyar ta ɗauki ƙin yin gyara mai ma'ana a matsayin wariya, ta kuma ambaci waɗanda naƙasa ta same su suna cikin aiki. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un ƙwadago har da na nuna bambanci a wurin aiki, tana da hurumin duba yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su da kuma kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. Tana zama a Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen Arewa. Jihohi irin su Filato, Kano, Kaduna da Jigawa suna da nasu dokokin. Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa ta fara aiki a 2020 ƙarƙashin James Lalu, a 2024 kuma aka naɗa Ayuba Gufwan, ɗan Filato wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya shafe shekaru yana ƙera kekuna yana rabawa. Abin da nake so in ga hukumar ta yi mai sauƙi ne: duk shekara ta buga sunan kowace ma'aikatar tarayya, yawan ma'aikatanta da yawan naƙasassun da ke ciki. Manyanmu sun fi tsoron ganin sunansu a jarida fiye da tarar da ba ta kai kuɗin man janareta ba.

Akwai mai shago a Kantin Kwari da yara biyar da zai ce shi ina ruwansa, hayar bene yake yi. Babu mai cewa ya sa lif. Gwargwadon ƙarfinka gwargwadon abin da ake nema a wurinka. Amma hani ga wariya bai ware ƙaramin ɗan kasuwa ba, kuma riƙe littafin ciniki ko na'urar POS ba ya buƙatar ƙafa biyu.

Hanzarin da na fi ji shi ne, "Ai ba sa nema, kuma masu takardun a cikinsu ba su da yawa." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin makarantunmu sun daɗe da rufe musu ƙofa. Amma makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take karantar da ɗalibai. Ga makarantar Tudun Maliki a Kano, ga kwalejin ilimi ta musamman a Oyo, ga sassan ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero da ta Jos. Kuma mu a Arewa akwai bashin da ke wuyanmu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa, har a 2006 aka samu yara sama da 1,000 da ta kama a ƙasar nan, mafi yawansu a jihohinmu. An yi murnar kawar da ita a 2020, amma waɗancan yaran ba su ɓace ba. Yau samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya, daidai lokacin neman aiki. Ba su suka yanke shawarar da ta kwantar da ƙafafunsu ba, manya ne suka yanke. In ba ka ganinsu a layin masu nema, ka tambayi kanka inda ka liƙa sanarwar, da abin da ya samu na ƙarshen da ya gwada. Ƙungiyarsu ta JONAPWD tana da rassa a jihohi, wasiƙa ɗaya ta isa ta kawo maka takardun masu digiri fiye da guraben da kake da su.

Al'adarmu ta tsara wa naƙasassu matsayi tun da daɗewa, har da sarautunsu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Tsari ne da ya rufa wa mutane asiri a zamaninsa, amma a kan bara aka gina mafi yawansa, shi ya sa har gobe idonmu yake ganin hannun karɓa kafin ya ga hannun aiki. Addinin da muke taƙama da shi bai tsaya nan ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, dalilinsa aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Riƙon gari aka ba shi, aikin da ake tambayar mutum yadda ya yi da shi. Yara suna haddace surar a Islamiyya, iyayensu suna zaune a kwamitin ɗaukar ma'aikata suna tsallake sunan makaho.

Kai kuma da aka mayar da kai daga bakin get, ko aka ajiye ka a kusurwa shekara da shekaru, ko aka sallame ka bayan haɗari, kada ka tsaya a "Allah ya isa". Ajiye kwafin sanarwar aikin da takardar gayyata da duk saƙon da aka turo maka. Rubuta ranar, da sunan wanda ya yi maganar, da waɗanda suke wurin. Nemi a ba ka dalili a rubuce, in an ƙi, kai ka rubuta musu ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Kai kokenka Hukumar Naƙasassu, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ofishin ba da agajin lauya kyauta da ke jiharka, kuma kada ka bari lokaci ya ja, domin wasu ƙararrakin, musamman a kan hukumomin gwamnati, suna da wa'adi. Alƙaluman diyyar da sashe na 28 ya ɗora wa mutum da kamfani mafi ƙaranci ne, alƙali yana iya haurawa.